Takardar da Aka Manna a Taga

Tun da Wendell ya dawo daga farautar barewa a dajin arewacin Manitoba, inda ya yi kwanaki a ɓace, karensu Tucker ya daina barci. Da dare ya raba sai ya dafe tagar falo yana haushi kamar zai fasa gilashin.

"Lorraine, karen nan naki ya haukace," in ji Wendell ga matarsa. Shi da kansa ya bi tagogin gidan ya manna musu takarda, wai idan kare bai ga komai ba zai yi shiru. Lorraine ce ta riƙe masa tsani, har ta make Tucker da ya ƙi bari.

Wani dare ta farka ta ji karen yana kuka ƙasa-ƙasa. Ta same shi gaban taga yana kaɗa wutsiya, irin yadda yake yi idan maigidan ya dawo daga aiki. Ta yage gefen takardar ta leƙa.

Wendell ne tsaye a waje cikin dusar ƙanƙara da rigar farautarsa, gemunsa ya daskare, yana kallonta kamar mai tambayar laifin da ya yi mata ta rufe masa gida.

To wa take dafa wa abinci duk kwanakin nan? Gefen wa take kwana?

Ba ta ji takun kowa ba, sai numfashi mai sanyi ƙalau a wuyanta. Muryar mijinta ta ce a hankali, "Masoyiyata, wa ya ce ki taɓa takardar nan?"