Riguna Goma na Malam Idi

A layin shiga jarrabawar JAMB Sa'adatu ta fara ganin Sulaiman, a wata sakandare da ke Malali. Fensirinta ya faɗa kwata, ta tsaya tana raba ido. Shi kuwa ya sa reza ya raba nasa biyu, ya miƙa mata guntu.

"In kin ci, rabin makin nawa ne," in ji shi.

Ba ta ci ba. Shi ya ci ya tafi Zariya, amma duk hutu sai an gan shi a ƙofar gidansu a Hayin Banki.

Matsalar tana wajen mahaifinta, Malam Idi tela, mai son boko kamar ransa, ga taurin kai. Ranar da ta gama sakandare ya rantse da Allah a gaban maƙwabta ba zai aurar da ita ba sai ta shiga jami'a.

Ta sake zama, maki bai kai ba. Ta ƙara, haka dai. Ƙawayenta duk sun yi goyo, ita tana ɗaka da tambayoyin shekarun baya har ta haddace ƙazantar da ke jikin takardun. Ba jami'a, ba aure, gidan ubanta ya zame mata kurkuku.

Wata ranar Asabar Sulaiman ya zo zaure jiki a sanyaye.

"Sa'a tawa, Hajiyarmu ta fara yi mini zancen Rahmatu 'yar kawuna."

"To ka aure ta mana," ta ce. "Ni lissafi ya riƙe ni. Kai me ya riƙe ka?"

"Ke."

Ta fashe da kuka. Ta manta shagon babanta bango ɗaya ne da zauren.

Malam Idi ya ji komai. Satin nan ya ƙi karɓar ɗinkin kowa, ya sayo yadi ya duƙufa a kan keke. Ran Juma'a Sa'adatu ta kai masa abinci ta tarar yana ninke riguna.

"Baba, na waye?"

"Na mabuƙata ne. Na tambayi liman, ya ce wanda zai karya rantsuwa sai ya tufatar da mutum goma." Ya kawar da kai. "Don in ɗaga ki na rantse, ashe ɗaure ki na yi. Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Ta durƙusa a gabansa.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam Idi ya riƙe hannun ango.

"Kai ka ci jarrabawar, sai ka koya mata, baɗi ta sake zama. Amma wannan karon ban rantse ba. Allah ya yi muku albarka."