Yarinyar da Ake Kira Taku Huɗu

A makarantarsu, Taku Huɗu ake ce mata. Idan ta zauna gaban allon ces, wasan dara mai sarki da sarauniya da dawakai, taku huɗu take yi ta kama sarkin abokin wasanta. Dabararta ɗaya ce tal: ta fito da sarauniya da wuri, ta kai hari. Shi ke nan fa, sai kai ya kumbura!

Malama mai koya musu wasan ta ce, "Ki koyi wata hanyar buɗe wasa. Ki fara fito da dawakanki, ki kare sarkinki."

"Haba Malama, wannan ai ta ishe ni."

Ranar gasar makarantu ta zo. Duk wanda aka ci sau biyu, sai gida. Babanta tela har shago ya rufe ya zo kallo.

A wasan farko aka haɗa ta da wata 'yar ƙaramar yarinya mai tabarau. Ta fito da sarauniya kamar kullum. Yarinyar ko gezau, ta turo doki ta tare hanya. Sarauniya ta yi ta gudu lungu-lungu har aka cinye ta. Ba a jima ba aka kama sarkin Taku Huɗu.

Ta fito da hawaye, kunya kamar ta nutse.

"Baba, mu tafi gida kawai."

"Ina! Ni da na rufe shago?" Ya share mata ido. "Uwata, kin taɓa ganin na sa almakashi a yadi ban yi awo ba? Ki koma, ki auna kafin ki yanka."

Wasa na biyu da wani dogon yaro ne. Hannunta ya nufi sarauniya da kansa. A gasa kuwa, abin da ka taɓa, shi za ka motsa. Saura ƙiris! Ta janye hannun, ta zauna a kansa, ta yi tunani. Sannan ta fito da doki, ta fito da ɗayan, ta ɓoye sarkinta.

Wasan ya yi tsawo, gumi ya jiƙa ta. A taku na arba'in ta kama sarkinsa.

Baba ya miƙe yana tafi, bakinsa har kunne. "'Yata ce! Ku gan ta nan, 'yata ce!"

Ta je gaban Malama ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Na gane, dabara ɗaya ba ta isar mutum, kuma gaggawa ba gwaninta ba ce."

Malama ta rungume ta tana dariya. "Maza ga wasa na uku can, Taku Arba'in!"