Karen da Bai Taɓa Jin Sunansa Ba

Ranar Asabar da hantsi aka buga waya ofishin 'yan sanda na Downtown, aka ce an sace kare a unguwar Glenwood. Aka miƙa wa Sufeto Ubale takardar, saboda wadda ake zargi 'yar Nijar ce, shi kuwa haifaffen Kano ne. A takardar aikinsa ba sufeto aka rubuta ba. Hausawan garin Greensboro na Amurka ne suka raɗa masa tun yana sabon shiga, sunan ya bi shi.

Gidan ƙarami ne, na katako. A baranda wani tsohon Bature yana zaune, abinci a gabansa ya huce bai taɓa ba. Sunansa Ante, shekarunsa tamanin da biyu. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi bara, Turanci ya gudu daga bakinsa, sai harshen garinsu kaɗai ya rage. 'Yarsa Celina, wadda ta zo daga Charlotte, ita ce ta kira 'yan sanda.

"Yaushe aka ga karen ƙarshe?" in ji Ubale.

"Jiya da yamma. A barandar baya yake kwana. Yau da safe babu shi, kuma kwaɗon ƙofar shinge yana nan a rufe."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Kaltouma mai kula da Baba. Ba ta son karen. Kullum tana ƙorafin gashinsa. Na riga na kira kamfaninsu, sun dakatar da ita. Sun ce in sunanta ya shiga rahotonku, lasisin aikinta ya tafi."

A jikin bangon falo akwai taswira da ta tsufa har ta yi ja. Ubale ya tsaya kallonta. Wata gaɓar teku ce doguwa, siririya, ana ce mata Dalmatiya, a ƙasar Kuroshiya. Duwatsu a bayanta, ruwa a gabanta, ga tsibirai barbaje a cikin ruwan kamar an yarfa tawada. A ɗaya daga cikin ɗigon nan aka haifi Ante. Kusa da taswirar ga hoton karen: fari fat, da ɗigo-ɗigo baƙi. Irin karnukan nan sunan gaɓar suka ɗauka. Mutum in ya daɗe yana kallon hotunan biyu sai ya fara zaton ɗaya aka kwafa daga ɗaya.

Tsohon ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya ya buga daɓen katako sau biyu. Ya dubi ƙofa. Ya sake bugawa.

"Me yake yi?"

"Kiran karen yake, Galeb," in ji Celina. "Kurma ne, haka aka haife shi. Irinsu da yawa suna zuwa haka. Motsin katako yake ji a tafin ƙafarsa."

Ubale ya rubuta sunan a littafinsa. Shekara goma sha ɗaya ana kiran kare da suna, bai taɓa jin sa ba ko sau ɗaya.

Ya zaga barandar baya. Ya buɗe wani ɗan kabad.

"Me ake ajiyewa a nan?"

"Abincinsa da maganinsa. Yana da ciwon tsakuwar mafitsara, ba kowane abinci yake ci ba." Ta leƙa. "Ina suke?"

"Ɓarawon ya tafi da magani, ya tafi da bargo, ya bar rediyo a kan taga. Akwai abin da ya canza a gidan nan kwanan nan?"

"Babu."

Ubale ya nuna mata wata takarda da ya gani manne a jikin firij. "Litinin, ƙarfe goma, gidan ajiyar dabbobi. Wannan fa?"

Celina ta zauna a kan matakala. Ta ce ranar Litinin za a mayar da mahaifinta gidan kula da tsofaffi, can kuwa ba a zama da kare. Ita ma gidan hayarta an hana. Ta san tsohon kare kurma mai ciwo ba wanda zai ɗauka, ta kuma san abin da ake yi wa wanda ba a ɗauka ba.

"Baba bai sani ba. Kaltouma kaɗai na gaya wa, jiya. Har muka yi cacar baki."

"Wadda ba ta son karen ce ta yi faɗa don kada a kai shi?"



Kaltouma tana zaune a wani bene a bayan Gate City Boulevard. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar ta da 'ya'ya biyu. Lasisin yana rataye a bango cikin gilashi, a saman talabijin.

"Shekara biyu na yi ina karatunsa, Sufeto. Da safe ina wankin otal, da yamma ina aji. Yanzu a ce kare zai raba ni da shi?"

"An ce ba kya son sa."

"Gashinsa ne ba na so! Kamar allura yake, in ya shiga zane sai dai a haƙura. Zanen sallata daban nake zuwa da shi a leda. Amma shi kansa bawan Allah ne, ba ruwansa."

"Wa kika gaya wa zancen Litinin?"

"Babu kowa."

"Da kika tashi aiki jiya, ina kika nufa?"

"Gida." Ta gyara ɗankwalinta. "Kuma in Baba Hassoumi kake tunani, shi ko kallon karen ba ya yi. Duk unguwa an sani."

"Anti Kaltouma, ban ambaci Alhaji ba."

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce Alhaji Hassoumi, maƙwabcin Ante, aminin marigayi mijinta ne. Duk Juma'a takan miƙa masa dambun zogale ta kan shinge. Jiya ma ta miƙa. Ranta a ɓace yake, bakinta ya suɓuce.

"Amma ba zan tsaya gaban hukuma in nuna Baba da yatsa ba. Shi ya yi wa mijina wanka."

"Ko da za ki rasa wancan?" Ya nuna bango.

Ta dubi lasisin, ta kawar da kai.

Alhaji Hassoumi mutumin Tawa ne ta Nijar, tsohon direban tasi, shekara saba'in da huɗu. Gabarsa da karen ba ɓoyayyiya ba ce. Sau biyu yana kai ƙara hukumar gari kan haushi, kuma ya taɓa tsayar da mutane a ƙofar masallaci bayan Juma'a yana ba su labarin yadda karen ya tone masa yakuwa.

"Sufeto! Shigo, shigo. An ce an sace shaiɗanin can. Wanda ya ɗauka, Allah ya biya shi."

"Ka ji wani motsi da safe, Alhaji?"

"Ni? Daga asuba na koma barci. Ni da kare? Ko inuwarsa ba na takawa."

Lokacin azahar ya yi. Ubale ya nemi wurin alwala, Alhaji ya nuna masa famfo a bayan gida. A gindin famfon ga wani kwanon silba an kife shi, bai gama bushewa ba. A kan bulo kusa da shi, ƙwallon dabino ne a jere. Ubale ya ƙirga. Bakwai.

Ya daɗe a tsugune yana kallonsu. Ya tuna kakarsa a Kano, ranar da karen maharba ya sa baki a ƙwaryarta. Ita da tsakuwa ta yi nata lissafin. Wanki ɗaya, ta matsar da tsakuwa ɗaya.

Da ya koma ciki ya tarar Alhaji ya sauya riga da wando kafin ya hau darduma. Suka yi salla, Alhaji ya ja. Bayan sun shafa addu'a Ubale ya gyara zama.

"Alhaji, wane kwano ake wankewa sau bakwai?"

"Ni mutum ne mai tsabta."

"Har da ƙirge?"

"Mantuwa ce ta tsufa. Bon, laifi ne mutum ya ci dabino a ƙasar nan?"

"Ba laifi ba ne. Amma ka san wa ake tuhuma? Kaltouma. An dakatar da ita tun safe. In na rubuta sunanta yau, ranar Litinin ba ta da lasisi."

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji.

"Kaltouma? Wa ya ce Kaltouma?"

"Ita ke da makulli. Na je wurinta. Ta gwammace ta rasa aikin da ta kama sunanka."

Ubale ya dubi daɓen, shi ma na katako ne kamar na maƙwabcin.

"Zan iya buga ƙafa, Alhaji. Amma na fi so kai ka buga."

Tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ɗaga ƙafa ya buga sau biyu. Daga ɗakin wanki da ke ƙarshen gidan aka ji ƙarar farata a jikin ƙofa. Ya je ya buɗe. Galeb ya fito yana kaɗa wutsiya, ya wuce sufeton ko kallo, ya je ya jingina da ƙafar Alhaji.

"Ka gani ko? Yanzu sai na sake wani wandon."

"Ta ina ka fito da shi?"

"Akwai katako biyu a shingen da suka saki. Shi ya sakar da su, wurin tonon yakuwata. Bayan asuba na shiga na kwaso kayansa, ya biyo ni."

"Me ya sa?"

Alhaji ya koma ya zauna. Ya ce shekara uku da suka wuce, ranar da ƙanƙara ta rufe gari, ya fito zubar da shara da sassafe, santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, tagogi duk a rufe. Wanda ba ya ji shi ne ya gan shi ta ramin shinge. Ya yi ta haushi yana dukan ƙofa har Ante ya fito ya kira motar asibiti.

"Haushin nan da na kai ƙara a kansa sau biyu. Likita ya ce da na ƙara awa ɗaya, da sai dai a kai ni maƙabarta. Ban gaya wa kowa ba. Da wane baki? Tun daga nan ni da Ante muke zama da la'asar, shi a barandarsa, ni a tawa. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Ya taɓa nuna mini hoton wannan yana jariri. Fari tas, Sufeto, ko ɗigo ɗaya babu! Ashe haka ake haifarsu, daga baya zanen ke fitowa. Na yi kwana uku ina tunanin abin nan." Ya share ido da hannun riga. "Sai jiya Kaltouma ta ce Litinin za a kai shi inda ba a dawowa. Na ce an halatta ajiye kare don gadi. To, wannan ko ɓarawo ya zo da ganga ba zai ji ba. Amma ni dai ya taɓa gadina."

Suka zaga da karen ta ƙofar gaba. Galeb na hango baranda ya ƙwace. Ante ya rungume wuyansa da hannu ɗaya yana magana cikin kunnen da ba ya ji. Ubale ya yi wa Celina bayani a tsaye. Ita kuma ta durƙusa gaban mahaifinta ta gaya masa komai, har zancen Litinin. Tsohon ya saurara har ta gama. Can ya nuna Alhaji, ya faɗi wata magana gajeriya, ya maimaita.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba a saci karensa ba. Ya ce ƙaura ya yi, kuma ya zaɓi gida mai kyau." Celina ta juya ga Alhaji. "Za ka riƙe shi? Gidan tsofaffin suna barin a kawo kare lambu ranar Lahadi."

Ubale ya fassara. Alhaji ya ɓata fuska.

"Gaya mata a ɗakin wanki zai zauna, ba zai taka inda nake salla ba. Kuma kada labarin nan ya kai masallaci."

"Alhaji, motar 'yan sanda ce a ƙofar gidanka."

"Shi ke nan. Na shiga uku da bakin Ousmane mai shago."

Nan take Celina ta kira kamfanin ta janye maganarta. Sannan ta kira Kaltouma. Ta daɗe tana magana a hankali, bayanta a juye. Ante kuwa ya jawo farantin da ya huce. Loma ɗaya bakinsa, ɗaya bakin Galeb.

"Duk da haka sai mun je ofis, Alhaji," in ji Ubale. "An buɗe fayil. Sai ka faɗa da bakinka ka sa hannu, sannan sunan Kaltouma zai fita fes. Mai kare ya ce ba ya ƙara, ina sa ran ka yi la'asar a gida."

"Dakwar, na yarda. Za ka sa mini ankwa?"

"Shiga gaba, Alhaji."

Motar ta tashi a hankali. Ba su wuce gida biyu ba Ubale ya duba madubi. Galeb ne, ya fito titi, ya daidaita kafaɗarsa da tayar baya yana sassarfa, ba ya wuce ta, ba ta wuce shi. An ce kakannin irinsa haka suke raka keken doki a zamanin da, daga gari zuwa gari. Babu wanda ya koya wa wannan. A Glenwood ko doki bai taɓa gani ba.

Alhaji ya sauke gilashi ya leƙa.

"Koma gida, kai! Koma!"

"Ba ya ji, Alhaji."

"Na sani." Ya gyara hularsa, idonsa na kan madubi. "To rage gudu mana, Sufeto. Ba ka ga tsoho ba ne?"

Ubale ya ɗaga ƙafa daga totur, suka tafi a haka su uku har kwanar titi, inda Celina ta iso da igiya a hannu.