Amaryar da Ta Kai Kanta Mungadi

Tabarma ɗaya, ƙorai biyu, ƙullin man shanu, gizago. Kayan da ke kan Murjanatu ke nan sa'ad da Sabo, ɗan baffanta, ya cim mata bisa jaki a hanyar Mungadi.

"Koma Aliero! Babanki ya ce alƙali shi raba auren. Ga ni lafiya lau, ki bi mahaukaci?"

"Jakinka ma lafiya lau shike. In aure shi?"

An ɗaura mata aure da Ɗantsoho, saura tarewa, Nasara suka ɗebe shi aikin hanya a Jega. Ya dawo yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. Sabo ne ya kawo bokan da ya ce duka ke korar iska, aka sa Ɗantsoho a turu.

Ta iske shi a bayan ɗaki, ƙafa cikin gungume, baya duk shatar bulala.

"Murja... ke ce, ko su ne?"

"Taɓa ka ji, angona." Ta miƙa hannu. "Su nawa ne yau?"

"Ukku."

"Mi sunka ce?"

"Wai ba ki zuwa."

"To, ga ƙaryarsu ta fari!"

Ya yi dariya, rabonsa da ita tun kaka. Mahaifiyarsa Delu ta fito, ta yi arba da gizago.

"Ɗiyata, in ya tsere fa?"

"Inna, gidan ɗori na tashi. Ban taɓa ganin Baba ya bugi karaya ba. Lallaba ta shika yi, shi jira. Wanga ma ciwo ne. Shi ci, shi yi barci, shi koma dashen albasa cikin mutane. Ranar da sunka dame shi, shi faɗa mani."

"In bai warke ba?"

"Masu ɗingishi nawa ka noma, Inna?"

Murjanatu ta ɗaga gizagon za ta sari gungumen. Delu ta fizge shi.

"Ba haka aka riƙonai ba, amarya!"

Da gungumen ya dare, tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Murjanatu ta tallafe shi zuwa ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta kwance man shanu don idon sawunsa. Sabo na tsaye a tsakar gida.

"Mi zan ce ma Baba?"

Ta jawo ƙyaure ta rufe.

"Ka ce amarya ta tare. Ba ta fita."