Hoto Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Haskau, na'urar ɗaukar hoton haƙori, ta zagaya kan yarinyar sau ɗaya, ta yi ɗan tsaki irin na ƙarfe mai sanyi, sai ga muƙamuƙinta duka ya bayyana a allon bango, kowane haƙori da saiwarsa. Barira Tanimu ta ɗaga yatsa daga maɓalli ta leƙo daga bayan katangar dalma.

"Sauko, an gama. Ki dawo ranar Alhamis."

Shekara tara ke nan Barira tana wannan aiki a wani asibitin haƙori da ke hawa na talatin, a tsakiyar Gusau ta shekarar 2091. A zamanin kakanni, in za a ɗauki hoton haƙori, sai a rufe wa mutum wuya da ƙirji da rigar dalma, saboda hasken da ke ratsa ƙashi ba ya wucewa haka nan, yakan bar ɗan rauni a ƙwayoyin jiki. Kuma a shekara da ƙyar ake ɗauka sau biyu. Sai aka ƙero Miƙau, wata siririyar waya mai ƙananan injina da ke tura haƙora a hankali har su jeru. Miƙau ba ta da ido. Sau biyu a mako sai Haskau ta duba mata hanya. Masu ƙera su suka ce hasken kaɗan ne ƙwarai, suka cire abin rufe wuya domin yana tare hoton haɓa.

Birnin ya karɓe su hannu biyu. Makarantu suka fara tambayar takardar jeren haƙori. Wushirya ta koma abin dariya.

Hajjo, 'yar Barira tilo, tana da wushirya irin ta mahaifinta marigayi. Ita ke karanta labarai a rediyon makarantarsu, da wata murya mai zurfi da ta girmi shekarunta sha huɗu. Da aka ce za a fara nuna fuskar masu karatu, sai ta sa uwarta a gaba da kuka. Barira ce da kanta ta sa mata suna a layin masu neman Miƙau, ita ce ta danna maɓalli duk Litinin da Alhamis har shekara biyu.

Wata Asabar tana yi wa Hajjo kitso, hannunta ya goga gaban wuyan yarinyar. Ta ji wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino.

"Tun yaushe wannan ya fito?"

"Ya fi wata, Umma. Ba ya ciwo ai."

Likitan da ya duba ta a babban asibiti, Dakta Sallau, dattijo ne mai jinkirin magana. Ya gama karanta sakamako, ya cire tabarau.

"Baiwar Allah, ciwon daji ne. Ya kama wata 'yar tsoka da ke gaban maƙogwaro. A jikin yara ita ce ta fi saurin jin haske. An taɓa ɗaukar ta hoton haƙori?"

Barira ba ta buƙaci duba takarda ba. "Sau ɗari biyu da sha ɗaya."

Ya ɗago ya dube ta. "Wa ya ɗauka?"

"Ni ce."

Bai tsawata mata ba. Ya dai gaya mata Hajjo ce ta sha bakwai a bana, dukkansu da haƙora kamar an auna da zare. Ba zai iya rantsewa a kan yaro ɗaya cewa Haskau ce ba. Amma sha bakwai ba tsautsayi ba ne.

Ranar Litinin Barira ta shiga ofishin shugabansu, Dakta Maikano, ba ta ko zauna ba.

"Ranka ya daɗe, sau nawa ya halatta a haska wuyan yaro?"

"Kowane hoto namu yana ƙasa da ƙa'ida, Barira. Ke kanki shaida ce."

"Kowane ɗaya. In an tara fa?"

Ya juya alƙalaminsa a kan tebur. "Ba mu aka ɗora wa tarawa ba."

"To don me ni nake ɓuya bayan dalma, su suna zaune wuya a buɗe?"

Ya yi mata jaje da murya mai taushi, ya ba ta hutun wata biyu.

Aikin tiyatar da aka yi wa Hajjo ya ɗauki awa shida. Dajin ya riga ya naɗe jijiyar murya, dole aka yanke da ita. Da Hajjo ta farfaɗo ta buɗe baki za ta kira uwarta, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Barira ta riƙe hannunta, ta rasa inda za ta sa idonta. Daga baya yarinyar ta jawo ƙaramin allonta ta rubuta: Umma, ki gaya wa Malama ta ba ƙawata Kulu labaran gobe.

Barira ta rubuta ƙorafi ga hukumar lafiya, ta haɗa da sunayen yaran sha bakwai. Aka kafa kwamiti. Kafin hutunta ya ƙare aka sanar da mafita: kamfanin da ya ƙera Haskau ya ƙero sabuwar na'ura mai gano dajin wuya tun yana ƙarami. Duk yaron da ke sanye da Miƙau za a haska masa wuya sau ɗaya a wata, kyauta. Jama'a suka yi ta sa albarka.

Ranar da ta koma aiki, layi ya kai bakin lif. An kafa sabuwar na'urar kusa da Haskau. Wata mata ta turo 'yarta gaba, yarinya 'yar shekara takwas mai ɗankunnen azurfa.

Barira ta tare ƙofa. "Yaya, don Allah ki saurare ni. Kar ki bari a sa ta. 'Yata a nan ta rasa muryarta."

Matar ta ja 'yarta jikinta, ta dube ta sama da ƙasa. "Allah ya ba ta lafiya. Amma ai shi ya sa muka zo, a duba mana da wuri. Tun bakwai muke tsaye."

"Ni ba zan danna ba."

Dakta Maikano, da ke tsaye a bayanta, ya yi gyaran murya. "Ba sai kin danna ba, Barira. An sabunta su duka biyun. Yanzu da kansu suke tashi."

Ta waiga. Inda maɓallin yake an shafe shi da farar roba. Yarinyar ta hau kujera da kanta, ta ɗaga haɓa yadda aka koya musu a makaranta, tana jira. Bayanta akwai yara arba'in da uku.