Sunan Da Ya Tsufa

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da aka sa wa sunan kakansa. A gida kowa Takwara yake ce masa, domin haka kakan yake kiransa.

A gida sunan bai taɓa damunsa ba. A makaranta ne matsalar take. Mutum biyu kaɗai ke da sunan a duk makarantar, shi da tsohon maigadi. Idan malama ta kira shi, sai yara su duƙa suna tari irin na tsofaffi. Wani ma ya tambaye shi inda ya baro sandarsa.

A ajinsu kuwa yara biyar ne masu suna ɗaya. Sunan wani ɗan ƙwallo ne da ya yi tashe a shekarar da aka haife su. Takwara yakan ce a ransa, ina ma ni ne na shida.

Ran nan aka sanar da gasar zane. Wanda ya zo na ɗaya zai sami akwatin fenti. Takwara ya yi kwana huɗu yana zana kakansa a bakin keken ɗinki, tabarau a kan hanci, zare a baki. Da ya zo sa suna a ƙasa, sai hannunsa ya tsaya. Ya tuna za a karanta sunan a gaban kowa. Sai ya rubuta na ɗan ƙwallon.

Ranar ba da kyauta iyaye suka cika filin makaranta. Kaka ma ya rufe shagonsa ya zo. Shugaban makaranta ya ɗaga zanen da ya ci, ya karanta sunan. Yara biyar suka miƙe a tare. Biyu daga cikinsu har sun fara gardama.

Takwara ya ɗaga hannu a hankali ya ce nasa ne. Shugaba ya sake duba takardar, ya ce ai ba sunansa ne a jiki ba. Aka yi dariya. Da malama ta shaida zanensa ne, sai shugaba ya ce doka ita ce kowa ya sa sunansa na gaskiya. Aka miƙa akwatin ga yarinyar da ta zo ta biyu.

Kaka ya gane kekensa tun daga nesa. Ya cire tabarau ya goge, ya tashi ya koma shagonsa. Wannan tafiyar ta fi rashin akwatin yi wa Takwara ciwo.

Da yamma Takwara ya je shagon ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo mana," in ji Kaka. "Ko kai ma baƙo ne kamar sunanka na yau?"

Takwara ya fashe da kuka. Ya ce yara suna cewa sunan na tsofaffi ne.

Kaka ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da wani tsohon hoto. Hoton ajinsu ne. Ya riƙa nuna yara da yatsa har goma sha ɗaya, ya ce duk sunansu ɗaya da shi. Malaminsu ya gaji, ya raba musu laƙabi: Dogo, Gajere, Mai Kunne, Sarkin Barci.

"Kai wanne ne, Kaka?"

"Ba zan faɗa ba. Amma barci bai taɓa yi mini laifi ba."

Takwara ya yi dariya da hawaye a fuska. Ya tambayi abin da ya sa suka yi yawa haka.

Kaka ya ce a shekarar da aka haife shi an yi ambaliya. Wani mai kwale-kwale ya yini yana kwashe mutane daga kan rufin gidaje. Mahaifiyar Kaka tana cikinsu, da tsohon ciki. Daga nan duk wadda ta haifi namiji sai ta sa masa sunan mutumin. Har ta kai idan an kira ɗaya a kasuwa, goma ne za su waiwayo. Sai iyaye suka gaji, suka nemi sababbi.

"Mu muka tsufa, sunan ya tsufa tare da mu," in ji Kaka. "Na abokanka ma haka zai yi wata rana. Suna yakan yi tashe ya sauka. Abin da ka yi da shi ne ba ya sauka."

Washegari Takwara ya je ofishin shugaba ya ba da haƙuri. Shugaba ya ba shi abin gogewa. Ya goge sunan aro, ya rubuta nasa da manyan baƙaƙe. Aka rataye zanen a ɗakin karatu.

Kaka ya zo ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce an ƙara masa tsawon hanci, amma ya yafe.

Takwara ya koyi cewa ba a jin kunyar sunan da iyaye suka ba ka. Halinka na kirki shi ne yake sa sunanka ya yi daɗi a bakin mutane.