Ƙunshi Biyu Daga Bune

Akuya ce ta haɗa su, akuyar ma mai kumburin ciki. Tabita, malamar lakwal, wato makarantar boko, na durƙushe a kanta a lambun mahaifinta da ke cikin kwari, can bayan garin Gure, sai ga wani dogon saurayi ya sauko daga kan moto, wato babur, da jakar allurai. Ya duba akuya, ya duba mai akuya, daga nan bai sake sanin wadda ya zo dubawa ba.

"Mushe, ita ce marar lafiyar, ba ni ba," in ji Tabita, tana kiransa da Faransanci kamar yadda ake kiran ma'aikata.

"Na gani, Madam. Ita za ta tashi yau. Ni ne dai ban san ranar tashina ba."

Sunansa Illa, ma'aikacin kula da dabbobi da aka turo Gure. Ranar Lahadi ta hango shi a bencin baya na 'yar majami'arsu, wadda in an cika ta maƙil ba a kai mutum arba'in. Wannan karon ita ce ta kasa bin waƙa.

Kafin wata uku saƙo ya fara kai da komowa.

"Dabinon kwarina, kin tashi yaran lakwal? Yau na yi wa raƙuma ashirin allura, kowanne sai ya harare ni irin hararki."

"Likitan akuya, ka bar raƙuman mutane su huta. Baba ya ce ka zo cin tuwo ran Asabar."

Malam Barnaba, mahaifinta, dattijon majami'a ne, mutum mai gaskiya har ta yi masa yawa. Ya so Illa, har an fara maganar sa rana. Wanda bai so ba shi ne Boyi mai kiɗan ganga a majami'a, da ya shekara biyu yana kallon Tabita bai iya buɗe baki ba. Kwana uku bayan Sallar Layya ya leƙa ɗakin Illa, ya tarar da shi da ƙunshin soyayyen nama a gaba, yana ci yana share hawaye. Ranar ce bakin Boyi ya buɗe, ya kai wa Malam Barnaba labari.

Malam Barnaba ya kira Illa zaure.

"Gaskiya ne kana cin naman layya?"

"Gaskiya ne, Baba. Innata ce ke aiko mini daga Bune."

"Shekara talatin maƙwabta na kawo mini, ina godiya, ina miƙa wa wasu. Hadaya ce ta addinin da ba namu ba. Wanda ya ci, ƙafarsa ɗaya na can. Ba zan ba mai ƙafa ɗaya 'yata ba."

Tabita ta sami Illa a ƙofar gida, idonta jawur. Ita ma ba ta taɓa ci ba, haka ta tashi.

"Nama ne kawai fa, masoyina. Ka bar shi mana."

"Tabi, da na zama Kirista, shekara uku babu wanda ya kira sunana a gidanmu. A ta huɗu wani direba ya miƙo mini ƙunshi, ya ce in ji Kaltumi. Ba wasiƙa, ba gaisuwa, nama kawai. Da shi Inna ta ce mini har yanzu ni ɗanta ne. Ina gode wa Ubangiji in ci, zuciyata ba ta taɓa zargina ba."

Sai ta fashe da kuka.

Haka aka shekara. Majami'ar da ba ta cika arba'in ba ta rabu gida biyu, masu ci da marasa ci, kowa na leƙen tukunyar ɗan'uwansa. Abin kunya, har gaisuwa ta ragu.

Da wata Layya ta gabato, Illa ya gaji. Ya aika mata: "Dabinona, na kira Inna, na ce bana kada ta aiko. Ta tambayi dalili, na faɗa mata duka. Sai ta kashe waya. Ji nake kamar na sake barin gida."

Ta amsa: "Ban so ka saye ni da mahaifiyarka ba. Yau na ji kunyar roƙon da na yi maka."

Rana ta uku da Sallah, da hantsi, wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar Malam Barnaba, ƙurar hanya har gira, Illa na bayanta kamar wanda aka kamo. Aka shimfiɗa tabarma. Ta kwance ɗan buhunta, ta fito da ƙunshi biyu, ɗaya an ɗaure shi da jan zare.

"Malam, ni ce Kaltumi, uwar wannan. Ban yi karatu ba, kiwo na sani. Wannan na layya ne, na ɗana ne, ya saba." Ta tura mai jan zaren gabansa. "Wannan naka ne. Akuya ce na sa aka yanka tun jajibere, ba da niyyar layya ba, kamar dai naman kasuwa. Tukunya dabam, mai dabam, ko cokali ban haɗa ba. An ce zuciyarka ba ta yarda da wancan ba. To, don me zan sa maka abin da zai dame ka tsakaninka da Allah?"

Tabita na laɓe bayan ƙofa, tana jin komai.

Malam Barnaba ya daɗe yana kallon jan zaren. Matar da ba su haɗa wurin ibada ba ta yanka dabba guda, ta ratso rairayi tun asuba, don kawai ta kiyaye masa zuciyarsa. Shi kuwa yaron da suke durƙusawa tare ya shekara yana auna wa bangaskiya da loma. Tsoron Allah ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan bagade.

"Baiwar Allah," ya ce, "wa'azin da na kasa yi shekara talatin, kin yi shi da zare." Ya juya ga Illa. "Ɗana, ni ba zan ci naka ba, har gobe zuciyata ba ta ba ni. Amma ba ni na mutu dominka ba, Mai Cetonmu ne, don haka ba ni zan yi maka shari'a ba. Ka yafe mini. Matso, buɗe naka."

Suka yi addu'a, Kaltumi ta yi bisimillarta. Kowa ya ci nasa, a tabarma ɗaya.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Boyi ne ya kaɗa ganga, ya kaɗa ta kuwa kamar mai neman gafara. Mutanen Bune suka cika harabar majami'a da guɗa, Kaltumi ta kama hannun amarya ta ɗora a na ɗanta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku masu yi muku biyayya."

"Amin," in ji Malam Barnaba, da ƙarfi fiye da kowa.

Har yau Tabita ba ta cin naman layya, Illa kuwa yana ci, ita ce ma ke ɗumama masa. Duk shekara ƙunshi biyu ke zuwa daga Bune. Jan zaren kuma Malam Barnaba ba ya yar da shi, yana nan a aljihun rigar da yake sawa ran Lahadi.